Mai Jar Kula

Ni matsoraci ne tun asali, gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni. Ina tsoron kare, ina tsoron allura, idan tireloli suka jero a titin Kaduna sai in yi minti goma a tsaye ban tsallaka ba. Amma duk wannan wasan yara ne. Tsoro na gaske, irin wanda ke hana tuwo wucewa a maƙogwaro, na san shi ne a wata damina. Wajen mako uku ina kwana da shi ina tashi da shi, kuma da hannuna na rubuta abin da ya jawo shi.

A lokacin da safe ina koyarwa a wata firamare ta kuɗi a Kurmin Sarki, da yamma kuma ina rubuta wa mawaƙa waƙa. Ni ba na rerawa. Muryata irin ta mai mura ce, ko ɗalibaina dariya suke ƙunshewa idan na ja musu taken ƙasa. Aikina shi ne mawaƙi ya zo ya ce ga biki, ga amarya, ga ango, ga uwar ango kada a kuskura a manta da ita, ni kuma in zauna in ɗinka baitoci. Idan na gama sai in shiga ɗakin ɗauka in rera a kan kiɗan, muryar gwaji ke nan, don mawaƙin ya ji inda zai hau da inda zai sauka. Ya haddace, ya ɗora tasa, a goge tawa. Haka ake yi, kuma hakan ya fi mini kwanciyar hankali.

Situdiyon da muke ɗaukar waƙa shago ɗaya ne a bayan babbar kasuwa, an liƙe bangonsa da kwalayen ƙwai. Mai shi mutumin Kudu ne, Kirista, ya fi shekara ashirin a Suleja, kowa Oga yake ce masa. Ran Lahadi shi ke kaɗa jita a cocinsu. Sauran ranaku kuwa, da zarar babu kowa, sai ya kunna kiɗan kantiri, wato waƙoƙin Turawan karkara na Amurka, jita ɗaya da murya mai sanyi, ya lumshe ido yana gyaɗa kai. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar aiki ransa ya ɓaci, janareta na tashi sai ya sa rok, jitar lantarki tana ƙara kamar ana yanka kwanon rufi, har sai ya huce.

Shi ya fara zuga ni.

"Malam, waƙarku duk zuma ce da fure da tauraro," ya ce mini wata rana. "Ina mutum a ciki? Ka ji wannan da ke yi yanzu? Launin motarsa yake faɗa, da ƙarfe nawa matarsa ta fita, da abin da ta bari a kan tebur. Akwai gari guda a can, layi sukutum duk marubuta waƙa ne, da safe su tafi ofis kamar ma'aikatan gwamnati. Abin da suka gani da ido shi suke rubutawa. Kai kuma kullum hasken idaniyata, hasken idaniyata. Haba!"

Na yi dariya na ce ai shi ake saye. Amma maganar ta zauna mini a rai.

Ina zaune ne a gidan yayana a Iku, a ɗakin da ke kusa da ƙofa. Shekara goma sha huɗu ya ba ni. Babanmu ya rasu ina aji uku na firamare, Yaya ne ya ɗauke ni, shi ya riƙe ni har na gama kwalejin horon malamai. Mutum ne da ba ya ɗaga murya, kuma wallahi gara mai ɗaga murya. Idan ka yi laifi kallonka kawai zai yi, ka ji kamar ƙasa ta tsage ka shige. Yana aikin sito a wani kamfani a Abuja. Kullum bayan sallar asuba zai goge takalmansa, na hagu mai tudu a ƙasa saboda ƙafar ta gajarce tun wani haɗarin babur, ya karɓi jar kular abinci daga hannun matarsa, wadda nake kira Anti. Mariƙin kular ya taɓa karyewa, ya ɗaure shi da wayar wuta. A layinmu da shi ake wa samari misali: ku dubi mutum, ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya sai ya fita aiki.

Wata Talata makaranta ta aike ni kasuwar Zuba sayen lemo da kankana na walimar ɗalibai. Wajen sha ɗaya na safe, ina jiran a ɗora kaya a mota, sai na hango shi a tsallaken titi. Yana zaune a benci ƙarƙashin wata bishiya kusa da wani ƙaramin masallaci, jar kula a tsakanin ƙafafunsa, jarida a cinyarsa ba ya karantawa. Na ce ko idona ne. Na koma bayan tulin kankana, na ciro waya na kira shi. Ina kallo ya laluba aljihu, ya duba, ya gyara zama, har wuyan riga ya gyara.

"Yaya, kana ina?"

"Ina ofis. Lafiya?"

"Lafiya lau. Dama..."

"To aiki ya yi yawa, sai na dawo."

Ya kashe, ya mayar da wayar aljihu, ya ci gaba da kallon motoci. Daga baya na bi ta ƙarƙashin ƙasa na ji daga wani da suka yi aiki tare cewa kamfanin ya rage ma'aikata wata huɗu da suka wuce, da Yaya a ciki. Ban faɗa wa kowa ba. Shi ma ban yi masa magana ba, ta ina zan fara? Ranar da yamma ya shigo yana ƙorafin cunkoson hanya, Anti ta karɓi kula tana yi masa sannu da aiki, ni kuma na shige ɗaki. Abin ya tsaya mini a ƙirji kwana da kwanaki, kuma hanya ɗaya na sani ta fitar da abin da ya tsaya mini a ƙirji. Na ɗauki biro.

A zama ɗaya ta fito. Ban taɓa rubuta abin da ya zo mini da sauƙi haka ba, kuma ban sa zuma ko fure ko ɗaya ba. Ta fara ne da:

Asuba ta yi, ya goge takalmi,
Na hagu da tudu, na dama lafiya.
Jar kula a hannu, ɗaurin waya,
Ya ce mata sai na dawo, Hajiya.

Amshin kuma layi biyu ne: Ina za ka, mai jar kula? Motar Abuja ba ta kai ka Abuja. Na sa bencin, na sa bishiyar, na sa jaridar da ba a karantawa. A baiti na huɗu na sa ƙanen da ya laɓe bayan kankana ya buga waya, aka ce masa ina ofis. Komai na sa, ban rage ko ɗaya ba.

Na kai wa Oga na karanta masa. Ya ɗauko jita ya fara neman sauti, a hankali, irin na mutanensa na kantiri. Ya ce in shiga in yi gwaji. Na shiga na rera sau ɗaya. Da na fito na tarar idonsa ya yi ja.

"Wa za ka ba ya rera?"

"Babu kowa. Gwaji ne kawai, ka bar ta nan."

"Labarin wa ne?"

"Ƙirƙira na yi, Oga."

Wannan ƙaryar ita ta kashe ni. Da na ce masa yayana ne, na san da ya goge ta a gabana.

A garin nan waƙa ba ta jiran kowa ya sayar da ita. Akwai masu turi, waɗanda ke zaune da kwamfuta a bakin kasuwa suna tura wa mutane waƙoƙi da finafinai a waya. Duk Juma'a wani daga cikinsu kan zo wurin Oga da filashi ya kwashi sababbi, mawaƙa ma so suke, don ta haka ake saninsu. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk waƙar da aka sa wa tambarin situdiyo a farkonta, wato 'yar ƙarar jita da muryar Oga yana faɗin sunan wurin, ta gama, ta fita. Wadda babu tambari gwaji ce, ba a taɓa ta. Kowa ya san wannan, shi ya sa hankalina yake kwance. Abin da ban sani ba shi ne, Oga ya zauna da waƙar ya gyara, ya ƙara jita ta biyu, ya ɗan wanke muryata da na'ura, ya sa mata tambari don ya ba ni mamaki. Ran Juma'a ya fita sayen man janareta ya bar mai turi a gaban kwamfuta kamar kullum. Mai turi ya ji tambari, ya kwasa.

Bayan kwana tara na hau Keke daga Kurmin Sarki zan koma gida. Mu uku a baya, wata mata da buhun barkono a cinya. Direba ya taɓa wayarsa, lasifika ta yi 'yar ƙarar jita, muryar Oga ta faɗi sunan situdiyo. Sai na ji wani mai mura ya ce asuba ta yi, ya goge takalmi.

Ban san lokacin da na damƙe ƙarfen Keken ba. Zufa ta karyo mini alhali yayyafi ake yi. Direban yana bin amshi, har da buga sitiyari, ya waiwayo ya ce, "Malam, ka ji sabuwa? Wallahi wannan ta taɓa ni. Kawuna sak!" Na ce ya sauke ni. Ya ce ai ba mu kai ba. Na ce ya sauke ni don girman Allah.

Da gudu na koma wurin Oga. Yana ganina ya washe baki zai ba ni albishir, sai ya ga fuskata. Da na faɗa masa gaskiya ya zauna daɓas a kan kujera ya dafe kai da hannu biyu.

"Malam, me ya sa ba ka faɗa mini ba? Me ya sa?"

Muka tafi wurin mai turi tare. Ya goge ta a gabanmu ba musu, sannan ya dube mu da tausayi ya ce shi kansa ya tura wa mutum fiye da yadda zai iya tunawa, abokan sana'arsa duk sun karɓa, jiya ma wani direban Minna ya tafi da ita. Ya ce, "Malam, waƙar da ta shiga waya ai ta shiga ke nan."

Daga ranar na zama kamar ɓarawo a gidanmu. Duk ƙarar waya sai gabana ya faɗi. Idan maƙwabci ya kunna kiɗa sai in kasa kunne in ji ko jita ce. Na daina cin abinci da Yaya a kwano ɗaya, na ce gyambon ciki ke damuna. Da safe ina leƙensa ta taga yana fita, ina lissafi: zai shiga mota, direba zai kunna, mutum goma sha takwas za su ji takalmin hagu da tudu, su sunkuyar da kai su dubi ƙafarsa. Da yamma kuma in tsaya ina karanta fuskarsa tun daga bakin layi. Kullum fuskar ɗaya ce, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali, don ban san ko bai ji ba ne ko ya ji ya haɗiye.

Waƙar kuwa sai gaba take yi. Ni da na shekara shida ina roƙon Allah ya sa wata waƙa tawa ta fita, ga ta ta fita ina roƙon ya mayar da ita. Yaran makarantarmu suka fara tsokanar duk malamin da ya zo da kula. Samari suka fara ɗaukar bidiyo a waya, mutum ya ɗauko kular uwarsa yana ɗingishi yana bin amshi, ana ta dariya. Wani ɗalibina na aji shida ya nuna mini ɗaya yana jiran in yi dariya, na daka masa tsawar da har yau nake jin kunyarta.

Sai na yi wautar da ta fi ta farko. Na shiga kasuwa na sayi sabuwar kula, shuɗiya, mai hawa uku, na kai wa Anti na ce kyauta ce ga Yaya, tsohuwar ta gaji. Ta juya ta ta yaba, ta sa mini albarka, ta ɗora ta a saman kabad.

"Ai ka san yayanka," ta ce. "Jar nan ta fi riƙe zafi, ba zai yarda ya canza ba. Sai dai in an yi baƙi."

Na ce ta dai gwada. Na sake cewa ta gwada. Ta dube ni ta ce, "Kai kuwa me ya haɗa ka da kular nan?" Na ce babu komai, na fita.

Kwana biyu bayan haka na dawo daga makaranta na tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida, tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Na tsaya cak a bakin ƙofa. Ina za ka, mai jar kula. Innalillahi! A bakin Anti, a cikin gidan Yaya.

"A ina kika ji wannan?"

"Yaran gidan can ke ta yi. Amshin kawai na kama. Har na tsokani yayanka da ita jiya, na ce an yi maka waƙa." Ta yi dariya. "Ka san wani abu? Na ji ta daga nesa a wayar mai kayan miya, muryar kamar taka."

"Ni? Anti, ni da muryar nan?"

"Shi ne na ce. Kai da ko kiran salla ba a ba ka."

"Me Yaya ya ce da kika tsokane shi?"

"Me zai ce? Murmushi ya yi."

Ranar ko ruwa da ƙyar na sha. Na yi tunanin in same shi in faɗa masa da kaina kafin ya ji a wani wuri. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa ina komawa. Na yi tunanin in gudu Kaduna wurin wani abokina. Har na sa kaya a jaka, na sake fitarwa. Na faɗa tun farko, ni matsoraci ne, kuma matsoraci jira yake yi abu ya same shi.

Ran Asabar ya same ni. Yaya yana gida, don ko lokacin da yake aiki ba ya fita Asabar. Hantsi ya yi, an sha ruwa da asuba gari ya yi sanyi. Yana zaune a tabarma yana yanke farce, rediyonsa a gefe. Anti tana wanke-wanke a bakin rijiya. Ni ina wanke rigunan makaranta a bokiti. A gidan rediyon ana shirin zaɓen masu sauraro, mai gabatarwa yana ta surutu, sai ya ce yanzu ga waƙar da aka fi nema a makon nan, wadda ba a san ma wanda ya yi ta ba, idan an gama a bugo waya a faɗa masa ko akwai mai jar kula a unguwarku.

Na miƙe da kumfa a hannu. Taku huɗu ne tsakanina da rediyon. Na yi ɗaya. Yaya ya ɗago ya dube ni, kallon nan nasa, ya ce, "Bar shi."

Jita ta shiga. Muryata ta cika tsakar gidan. A layin farko Anti tana murmushi, har ta buɗe baki za ta ce wani abu. Da aka zo na hagu da tudu sai hannunta ya tsaya a cikin ruwa. Da aka ce ɗaurin waya ta juya ta dubi kular, tana nan a kife a kan kwando, ita ta wanke ta yanzu. Aka zo benci, aka zo bishiya, aka zo Zuba. Ban taɓa sanin waƙar tana da tsawo haka ba. Ina tsaye kumfa yana bushewa a hannuna. Yaya bai daina yanke farce ba. Sai da aka zo baiti na huɗu, inda ƙane ya laɓe bayan kankana, sannan ya ajiye rezar a kan tabarma.

Waƙa ta ƙare. Wani ya bugo waya yana dariya, ya ce a layinsu akwai guda biyu. Wata ta bugo ta ce ita kuka ta yi. Anti ta taso ta kashe rediyon da jiƙaƙƙen hannu. Ba ni ta kalla ba.

"Wata nawa?" ta tambaye shi.

"Biyar, da wannan."

"Wata biyar ina yi maka sannu da aiki."

Ta tsaya kaɗan, sannan ta shige ɗaki ta saki labule. Ina jin kukanta, irin wanda ake toshe baki. Na jira Yaya ya yi magana, ya zage ni, ya ce in kwashe kayana. Na rantse da ya tashi ya mare ni da na ji daɗi. Ya tattara farcen da ya yanke a tafin hannu, ya tashi ya zubar, ya bi matarsa ciki.

Ran Litinin bai fita ba. Da hantsi ya ɗauki kujera ya zauna a ƙofar gida da jallabiya, kowa ya gan shi. Kafin azahar duk layin an haɗa biyu da biyu. Mutane suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ce ashe abin da ya faru ke nan, Allah ya kawo wani, wancan ya ce ai da ka yi magana. Yana amsawa da amin, yana godiya. Abin da ya yi wata biyar yana zama a benci don kada ya gani, ya gan shi a yini ɗaya, ina leƙe ta taga. Kwana uku bai ce mini komai ba sai amsa gaisuwa. Kwana ukun nan sun fi makonni ukun baya tsanani, don yanzu ba abin da ya rage in jira sai hukunci.

Ran Talata bayan la'asar ya aiko Anti ta kira ni. Yana zaune a zaure shi kaɗai. Na durƙusa daga nesa. Na fara magana tun bai tambaya ba, na ce gwaji ne, na ce tambari ne, na ce Oga bai sani ba, mai turi bai sani ba, wallahi tallahi ban yi niyyar kowa ya ji ba. Ya bar ni na yi ta zuba har na gaji.

"Na san ba ka yi niyya ba," ya ce. "Na ji ta tun mako biyu da suka wuce, a mota. Na gane muryarka tun layin farko. Ni na raine ka."

Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan siminti.

"Ba fitar waƙar nake so in tambaye ka ba. Ranar nan da ka kira ni. Da gaske kana kallona?"

"E, Yaya."

"Daga ina?"

"Tsallaken titi. Wurin masu kankana."

"Ka daɗe?"

Na so in yi ƙarya, amma ƙarya ta ishe ni. Na ce har aka kira azahar, na ga ya buɗe kula, na ga ya rufe bai ci ba.

Ya gyaɗa kai a hankali. "Shi ya sa ba ka yi kuskure ko ɗaya ba. Har jaridar." Sannan ya ce, "Ka san me nake yi a bencin nan? Duk motar Suleja da ta tsaya sai in duba masu sauka. Rabin zuciyata tana tsoron kada wani ya gan ni. Rabi kuma tana cewa Allah ya kawo wani nawa ya gan ni, ya zo ya zauna, in huta da ɗaukar abin nan ni kaɗai. Ashe ya kawo."

Na share hawaye da gefen riga.

"Titi ɗaya ne tsakaninmu," ya ce. "Ka tsaya awa biyu kana kallona, ka koma gida ka nemi biro."

Bai kore ni ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har yau. Ya ce in tashi in je in ci abinci, Anti ta ce kwana biyu ba na ci. Na tashi na shiga ciki. Ta zuba mini tuwo ta ajiye a gabana, na zauna ina kallonsa har ya huce.